Hutun Sallah a Bakin Lagdo, da Tarihin Hanyarmu ta Ruwa

 Da kwamitin mujalla ya nemi in rubuta wani abu na tarihi, sai na ga babu abin da ya fi in ba ku labarin wata 'yar tafiya da na yi da iyalina a hutun ƙaramar Sallar da ta wuce. Kwana biyu kacal muka yi, daga nan Garwa zuwa Lagdo, garin masunta da ke bakin tafki. Amma abin da na gano a can ya sa da na dawo na shiga tambayar dattawa da duba littattafai a kan kogin nan na Binuwai, wanda muke ƙetarewa kullum da kayanmu ba tare da mun tsaya mun dube shi ba.

Mun fito da sassafe. Kafin mu hau gada sai na ratse da mota zuwa tsohuwar tashar jirgin ruwa, don in nuna wa yara. Rani ya yi nisa, kogin ya janye, yashi ya fito fari fat. Masu ɗibar yashi suna lodi, masu wanki sun shanya kaya, ga 'yan kwale-kwale a ɗaure. Autana ya duba gabas ya duba yamma, ya ce, "Baba, to ina jiragen?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na tarar ni kaina guntun labarin kawai na sani. Ga abin da na tattaro daga baya.

Kafin a ja iyaka

Tun kafin jirgin Bature ya shigo Binuwai fatake sun san ƙasar nan. Bata da Fali su ne tsofaffin mazauna kwarin, daga baya Fulani suka shigo da shanunsu. Wajen 1809 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya fara zama a Gurin, a bakin kogin Faro, kafin ya kafa Yola a 1841. Ƙasar da aka kira Fombina, wato kudu da Fulatanci, ta miƙe tun daga Marwa har Ngaundere da Tibati da Banyo. Garwa, wadda Modibbo Haman Njundi ya kafa, tana cikinta. Ke nan a wancan zamani wanda ya taso daga Yola ya sauka a Garwa bai fita daga ƙasarsu ba, babu mai tambayarsa takarda.

Ayarin Hausawa yakan taso daga Kano da baƙaƙen riguna da turkuɗi da kanwa da duwatsun ado, ya bi ta Bauci ya ƙetare Binuwai, ya yi zango a garuruwan lamiɗai. Haka aka samu unguwannin Hausawa a Garwa da Ngaundere da Tibati da Banyo, waɗanda wasunmu jikokinsu ne. Abin da ake komawa da shi arewa hauren giwa ne. Amma gaskiya ɗaya ce, har da bayi, mutanen da aka kamo a hare-haren yaƙi daga ƙauyukan kudu. Wannan ma yana cikin tarihin kasuwancin yankinmu, kuma bai dace mu ɓoye wa 'ya'yanmu shi ba.

Ranar 18 ga Yuni 1851 Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso mahaɗar Binuwai da Faro, yamma da Garwa, ya ƙetare a kwale-kwale. Ya rubuta cewa a Adamawa ɗan siririn saƙin auduga da Fulani ke kira leppi shi ne kuɗin ciniki. Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe a Yola ba. Duk da haka labarin da ya aika Turai, cewa ga wani babban kogi a tsakiyar ƙasa, ya ja hankalin Ingilishi. A 1854 jirgin tururi mai suna Pleiad ya hauro Binuwai har ƙasar Muri, ya koma teku ba tare da zazzaɓi ya kashe ko Bature ɗaya daga cikin ma'aikatansa ba, domin suna shan kwinin. Daga nan hanya ta buɗe.

Akwai kuma mutum biyu da ya kamata kowane memba ya san sunansu: Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki da Madugu Muhammadu Ɗan Tambari. Fataken haure ne Hausawa da suka san hanyoyin Adamawa ciki da bai. Su suka yi wa wani Bajamushe, Eduard Flegel, jagora, wanda a 1882 ya kai Ngaundere ya ga mafarin Binuwai. A 1884 ya tafi da su har birnin Balin. A ƙarshen shekarar nan ce, a birnin nan, Turawa suka buɗe taron da suka tsara yadda za su raba Afirka. Masu sanin hanya suna cikin gari, amma ba da su aka zauna ba.

Yadda aka raba kogi

Taron Balin ya ƙare a 1885, kuma cikin abin da aka sa wa hannu akwai sharaɗi ɗaya da ya shafe mu kai tsaye: jirgin kowace ƙasa yana da 'yancin bin kogin Neja da rassansa. Binuwai shi ne babban reshe. Kamfanin Ingilishi na Royal Niger Company, wanda ya samu izinin mulki a 1886, shi ya fara cin moriya. A Yola ma a cikin wani tsohon jirgi da aka girke a kan ruwa ya daɗe yana cinikinsa, saboda Lamiɗo bai yarda su kafu a tudu ba.

A Nuwamban 1893 Ingila da Jamus suka ja layi a kan taswira. Yola ta faɗa ɓangaren Ingila, Garwa da mafi yawan Fombina suka faɗa ɓangaren Jamus. Lamiɗo Zubairu bai amince ba. Ranar 2 ga Satumba 1901 sojojin Ingila suka hauro kogi a jirage suka ci Yola. Zubairu ya yo gabas, Jamusawa suka kara da shi kusa da Garwa a Nuwamba, suka sake karawa a Marwa a Janairun 1902, ya rasa ransa a 1903. Ku lura da watan da aka ci Yola: Satumba, lokacin da ruwa ya cika. Hanyar da ta kawo haja ita ta kawo igwa.

Faransawa ma sun yi kwaɗayin hanyar. A 1903 wani hafsansu, Lenfant, ya bi Binuwai ya shiga Mayo Kebbi, yana neman mashigar ruwa zuwa kogin Logon da tafkin Cadi. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, Jamusawan da ke Garwa suka kore harin farko na Ingilishi a Agustan 1914, amma ranar 10 ga Yuni 1915 suka miƙa wuya ga rundunar haɗin gwiwar Ingila da Faransa. Garwa ta koma hannun Faransa. Iyaka ta sake motsawa a 1961, lokacin da mutanen Mubi da Ganye da sauran yankin da Ingila ke riƙo suka zaɓi zama a Najeriya. Shugaba Ahmadu Ahijo, wanda haifaffen Garwa ne a 1924, bai ji daɗin wannan sakamako ba. Sau uku ke nan cikin shekara saba'in ana sauya wa kakanninmu ƙasa suna zaune a gidajensu.

Zamanin jirage

Duk da wannan rabe-rabe, sharaɗin 'yancin bin kogi ya sa Garwa ta zama tashar da arewacin Kamaru da kudu maso yammacin Cadi ke fitar da kaya zuwa teku, ta cikin Najeriya. Manyan kamfanoni irin su UAC da John Holt suna da jirage a Burutu da Warri. Daga can jirgi zai hauro Neja zuwa Lokoja, ya shiga Binuwai, ya wuce Makurɗi da Ibi da Numan da Yola, ya iso Garwa, tafiyar kimanin kilomita 1,500.

Wahalar ita ce ruwan ba ya ɗaukar babban jirgi har Garwa sai wata biyu zuwa uku a shekara, daga tsakiyar damina zuwa wajen Oktoba. Saboda haka duk rani tara kaya ake yi. Buhunan gyaɗa da ɗaurin auduga, musamman bayan da aka bunƙasa noman auduga daga farkon shekarun 1950, suna jibge a sito suna jiran ruwa. Da jirage sun iso da gishiri da siminti da man fetur da atamfa da kwanon rufi, sai gari ya rikice. Dattawan da na tambaya sun ce dare da rana 'yan dako ke aiki, domin jirgin da ya yi jinkiri ruwa ya janye, to yashi ya riƙe shi. Cinikin shekara guda a 'yan makonnin nan ake ƙulla shi, kuma dillalin da ya samu amanar kamfani a lokacin ya warke.

Abu uku suka kashe tashar. Na farko yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, wanda ya toshe ƙasan kogin Neja, kaya suka rasa mafita. Na biyu jirgin ƙasa, wanda ya iso Ngaundere a 1974. Da aka haɗa shi da kwalta zuwa Garwa, sai auduga ta koma bin Duwala, hanyar da ba ta jiran damina kuma ba ta ƙetare iyaka. A shekarar nan ce aka kafa SODECOTON mai hedikwata a nan Garwa. Na uku shi ne inda muka dosa da yara a safiyar nan: dam ɗin Lagdo.

Hanya da ƙauyuka

Mun ƙetare gada muka kama hanyar Ngaundere, can gaba muka ratse hagu. Duka tafiyar kimanin kilomita 60 ce. An riga an cire auduga, sai karare a gonaki. Ga kaɗanya da ɗorawa da kuka jefi-jefi, ga shanu suna neman inuwa. Yawancin ƙauyukan da ke bakin hanya ba tsofaffi ba ne. Tun daga shekarun 1970, bayan farin da aka yi, gwamnati ta ƙarfafa wa manoma daga can arewa mai nisa, Tupuri da Mafa da Giziga da Mundang, su gangaro kwarin Binuwai inda ƙasa ke da yalwa. Masarar da gyaɗar da muke saye a kasuwar Ngong mu kai Najeriya, da yawanta guminsu ne.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne buhunan gawayi da tulin itace a bakin hanya. Uwargida ta ce mu tsaya mu saya, ya fi araha. Muka saya. Sai da muka isa tafki na gane cewa ƙasar da aka sare wa itace, idan ruwan sama ya wanke ta, a cikin tafkin nan take taruwa.

Garin bakin tafki

Lagdo tana tsakanin duwatsu. A nan kogin ya matse ya bi ta wani ɗan tsukin kwazazzabo, kuma a wurin ne 'yan ƙasar Sin suka gina dam daga 1977 zuwa 1982. Tsawonsa ya ɗan haura mita 300, tsayinsa kimanin mita 40. Injuna huɗu ne a ciki masu ƙarfin megawat 72 gaba ɗaya, kuma su suka daɗe suna ba Garwa da Marwa da Ngaundere wuta. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 600.

Yarana ba su taɓa ganin teku ba. Da muka hau wani dutse suka hango ruwa iyakar ganinsu, da tsibirai a tsakiya, da iska tana kaɗo igiyar ruwa zuwa gaɓa, sai suka yi tsit. Mu mutanen arewa wannan shi ne bakin tekunmu. Da yamma mai kwale-kwale ya zagaya da mu, ya nuna mana kawunan dorina daga nesa, ya kuma gargaɗe mu kada yaro ya shiga ruwa inda ba a nuna masa ba.

Washegari da asuba muka sauka inda ake sauke kifi. A nan ne na ji kamar ina cikin taronmu na wata-wata. Fulatanci, Hausa, Musgum, Larabcin Shuwa da Faransanci duk suna tashi a wuri ɗaya. Da tafkin ya cika, masunta sun zo daga bakin Logon da Cadi da Najeriya, har da Mali. Ana sauke karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, mata suna ciniki, hayaƙin banda yana tashi a bayan rumfuna. Kwalayen busasshen kifin da ake ɗaurewa a nan wasu Garwa za su, wasu Ngaundere, wasu kuma sai sun ƙetare iyaka.

Na zauna da wani dattijo Bahaushe yana gyaran taru. Na ce, "Baba, sannu da aiki, yaya ruwa?" Ya ce ruwa sai godiya. Ya gaya mini yana saurayi ya zo daga Najeriya, a nan ya yi aure, a nan ya aurar. A cewarsa kifin da suke kamawa a farkon zuwansu ya fi na yanzu girma nesa ba kusa ba, masunta sun yi yawa, wasu kuma suna sa taru mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Shi ya sa hukuma ke rufe su na wata uku a damina don kifi ya hayayyafa. Mu masu sayen kifi muna da hannu a ciki: in dai akwai mai sayen ƙanana a lokacin da aka hana, za a samu mai kamawa.

Abin da dam ya bayar da abin da ya karɓa

Dam ya kawo wuta, ya kawo kifi, ya kawo noman shinkafa na rani a fadamun da ke ƙasa da shi, irin su Gunugu. Amma ya rage cikar da kogi ke yi kowace shekara. Manoman da suka saba dasa masakwa, wadda ake kira muskuwari a nan, a ƙasar da ruwa ya kwanta ya janye, da yawansu sun rasa wannan damar. Babban jirgi kuma ya daina samun ruwan da zai kai shi Garwa. Abin da ya rage shi ne manyan kwale-kwale masu inji da ke zirga-zirga tsakaninmu da ɓangaren Yola idan damina ta kankama. A 'yan shekarun nan ma ƙarancin ruwa da taruwar laka a tafkin sun jawo yawan ɗauke wuta, har aka kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar. Masu firji da masu injin niƙa a cikinmu sun san wannan labari.

Sai kuma shekarar da ruwa ya yi yawa. Idan tafki ya cika dole a buɗe ƙofofi, in ba haka ba dam ɗin ne zai shiga haɗari. A 2012 ambaliya ta ci ƙauyuka a nan ɓangarenmu, a Najeriya kuma hukumar agajin gaggawa ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Duk lokacin da aka yi haka sunan Lagdo ne ke fitowa a rediyo. Amma wanda ya san kogin ya san Lagdo ba ita kaɗai ba ce. Mayo Kebbi yana shiga Binuwai a ƙasa da dam, kafin Garwa. Faro, wanda babu dam a kansa, yana shiga kusa da iyaka. Gongola yana shiga a Numan, Taraba da Donga da Katsina-Ala suna biye. Ministan ruwan Najeriya na lokacin da kansa ya ce yawancin ruwan 2022 na sama ne da na kogunan cikin ƙasar. Dam ɗin Dasin Hausa kuwa, wanda aka daɗe ana maganar ginawa a yankin Fufore don ya tare ruwan, har yau ba a gina shi ba.

Na kawo wannan ne saboda na ji yadda maganar ke shiga tsakanin membobi. A 2022 wani abokin cinikina na Jimeta ya yi asarar sito guda na masara, ya yi wata biyu ba ya ɗaukar wayata, wai mu muka sako musu ruwa. Sai da na je har gida na yi masa jaje muka shirya. Zumunta a ƙafa take, amma da na kira shi mako guda kafin ruwan ya iso, da masararsa tana tudu.

Abin da ya rage gare mu

Gwamnatoci suna da hanyarsu. Kamaru da Najeriya duk suna cikin Hukumar Kogin Neja mai mazauni a Yamai, kuma a 'yan shekarun nan akan ba da sanarwa kafin a buɗe ƙofofin, kamar yadda aka yi a Agustan 2023 da Satumban 2024. Sai dai takardar da ta tashi daga Yawunde zuwa Abuja takan daɗe kafin ta kai kunnen mai shago a bakin kogi. Mu kuwa muna da membobi da abokan ciniki a Lagdo da Garwa da Yola da Numan da Ibi da Makurɗi. Ina roƙon shugabanni a wannan taro su naɗa mutum ɗaya a kowane gari, a haɗa su a zaure ɗaya na WhatsApp, daga Agusta zuwa Oktoba su riƙa faɗin inda ruwa ya kai a gabansu, su kuma isar da sanarwar hukuma da zarar ta fito. Sharaɗi ɗaya ne: abin da ido ya gani ko hukuma ta faɗa, ban da jita-jita. Wanda kuma sitonsa ke fadama, ya nemi wurin ajiya a tudu tun kafin Agusta.

Roƙona na biyu game da dattawa ne. Waɗanda suka yi dako ko dillanci a tashar Garwa kafin 1967 sun haura shekara saba'in da biyar, kuma kullum raguwa suke yi. Matasanmu masu manyan wayoyi su je su gaishe su, su ɗauki muryarsu, a ajiye a ofishin ƙungiya. Mun ga rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, mun ga na 2019 zuwa 2020, mun ga karyewar sefa a 1994 da faɗuwar naira. Wanda ya ji daga bakin dattawa yadda hanya sukutum ta mutu a shekara uku na yaƙi, suka kuma nemo wata, ba zai ɗauka duniya ta tashi ba don an rufe shinge ko duwan sun ƙara kuɗi.

Mai son zuwa Lagdo, gani ya kori ji. Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi, kafin zafi ya sauko. A tafi da katin shaida da ruwan sha, a nemi izini kafin a ɗauki hoto kusa da dam, a kuma kwana don a riski saukar kifi da asuba. Ku tafi da yara, ku fara tsayawa a tsohuwar tasha. Nawa autan yanzu shi ke ba abokansa labarin jiragen Burutu.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka buɗe hanyoyin nan, ya ƙara haɗa kanmu, ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kuma maimaita mana.